Askin Kofur

"Zauna ki kama kan," in ji matar Ciyaman, ta turo wa mai kitso kujera da ƙafa. "Manya za ki yi, guda shida ma sun isa. Jibi 'yan kwamiti za su zo dubiya."

Mai kitso ta zazzage jakarta a kan tabarma: mataji, kibiya, kwalbar mai, zare, da ɗan almakashin yanke zaren. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninta da matar da ke kwance a katifar nan, amma yau ne hannunta zai fara taɓa kanta.

Duk layin Kofur ake ce mata. Sunan ya kama ta tun tana aiki a masaƙa, lokacin da inji ya fizgi jelar kitson wata yarinya ya ɗaye mata fatar kai. Manaja ya ce laifin yarinyar ne. Washegari Kofur ta je ta aske nata, mata talatin suka bi sahu, suka tsaya a ƙofar masaƙar, ɗankwali a hannu, har sai da aka yi wa injinan murfi. An yi murfin, ita kuma aka sallame ta. Mijinta ya ce ba zai zauna da ƙato ba, ya tattara komatsansa. Tun daga nan ba ta ƙara barin gashinta ya wuce tsawon farce ba.

Mutanen layin kuwa, waɗanda 'ya'yansu ke cin abinci a gaban injinan nan masu murfi, su suka fi kowa yi da ita. Maza masu zaman benci suka ce 'yar tawaye ce. Matan da ba su taɓa yi wa kowa rana ba suka ce ta fita daga mata. Mai kitso ma da nata: ita ce ta fara cewa kan Kofur kamar gwiwa, aka yi ta dariya shekara da shekaru.

Yanzu wata biyar na jinya sun sa gashin ya tofo, furfura fal. Yayanta Ciyaman, shugaban kwamitin layi, wanda da ko gaisuwarta ba ya amsawa a gaban mutane, sai ga shi da kwandon lemo. Zaɓen kwamiti ya matso, yana so a shigo a ga ƙanwarsa da kitso, a fita ana cewa ta dawo hanya.

Wayar matar Ciyaman ta yi ƙara, ta fita tsakar gida.

"Maƙwabciya," in ji mara lafiyar.

"Na'am, Kof..." Mai kitso ta cije leɓe.

"Ƙarasa mana, na saba. Aske min za ki yi."

"Rufa min asiri! Matar yayanki da ƙawayenta su ne masu zama a kujerata. In na yi haka, wa zan yi wa kitso? Kaji?"

"So suke a ce na tuba. Ina da laifuffukan da nake tuba a kansu, wannan ba ya ciki." Ta yi tari, ta huta. "'Yarki ta biyu, a wane sashe take a masaƙa?"

"Sashen zare."

"Injina ke nan. Na hango ta ta taga ranar Asabar, kitson da kika yi mata har gadon baya. Ya yi kyau. Kin iya aiki."

Mai kitso ta dubi kibiyar da ke hannunta. Kullum da safe tana ganin yarinyar tana fita aiki, jela na lilo, ba ta taɓa tambayar kanta dalilin da ya sa ba ta jin tsoro ba. Ta ajiye kibiyar, ta ɗauki almakashin.

Abin bai fi yatsa tsawo ba, kuma ita ba ta taɓa aski ba. Ta riƙa ɗaga gashin da mataji tsili-tsili tana datsewa, nan tudu, nan kwari.

"Kai, maƙwabciya, akuya ce ke kiwo a kaina?"

"Yi shiru, Kofur, kar in haɗa da kunne."

Suna cikin dariya matar Ciyaman ta ɗaga labule. Ta saki salati, ta kira mai kitso munafuka, ta ce daga yau ko kan 'yar tsana ba za ta ƙara samu a layin nan ba. Ciyaman ya shigo yana huci.

"Wa ya sa ki?"

"Mai kan," in ji mai kitso, ba ta ɗago ba. "Matsa, Malam, ka tare min haske."

Ya tsaya baki buɗe, don ba a saba yi masa haka ba. Kofur ta shafa kanta da tafin hannu, gaba da baya, ta lumshe ido.

"Yanzu na ji iska," ta ce.

Washegari da hantsi ta cika. 'Yan kwamitin da za su zo dubiya suka zo ta'aziyya. Ciyaman ya zauna a tsakiyarsu yana sharar ido, yana cewa marigayiya mace ce mai haƙuri da biyayya. Masu zaman benci suka gyaɗa kai kamar ba su ba.

Ranar Asabar mai kitso ta fito da kujerarta ƙofar ɗaki kamar kullum. Har rana ta take ba wadda ta leƙo, sai 'yarta da ta dawo daga masaƙa, ta zauna a gabanta ta cire ɗankwali. Uwar ta zaro mataji daga jaka. Silin furfura uku na maƙale a haƙoransa. Ta dube su, ta mayar da shi yadda yake, ta fara tsefe kan da yatsu.