Masuncin Da Ya Mutu A Tsakiyar Fim

A bayan ɗakin ajiye takardu na maɗaba'ar akwai wani lungu mai teburi ɗaya da kujeru huɗu. Ta biyar ba za ta shiga ba sai dai a fitar da teburin. Nan ake cin abincin rana, nan kuma ake yi wa finafinai fiɗa. Duk Juma'a Anti Taifis takan zuba fim ɗaya a filashi ta raba wa kowa nasa, a je a kalla a gida, ranar Litinin a zo a zazzage ra'ayi.

Kujerar farko ta Darakta ce, mai zana bangon littattafai a kwamfuta. Bai taɓa riƙe kyamarar da ta wuce ta wayarsa ba, amma in ya fara maganar haske da inuwa sai ka rantse shi ya koya wa masu fim sana'arsu. Ta biyu ta Anti Taifis ɗin ce, mai buga rubutun littattafan, wadda ba ruwanta da labari, ita dai ta ga labulen falo da takalmin jaruma. Ta uku ta Baba Mai Inji ce. Shekara talatin yana tsaye kan injin buga takardu har kunnensa ya yi nauyi, don haka komai da ƙarfi yake faɗa, kuma kowane fim aka kawo, na da ya fi shi.

Ta huɗu kuwa ta Haka-Ne ce.

Aikinsa jera shafuka da ɗinke su, kuma shekara goma sha tara bai taɓa barin shafi na arba'in ya riga na talatin da tara ba. Sunan a teburin nan ya samo shi. Darakta ya ce fim ya yi kyau, ya ce haka ne. Baba ya ce shirme ne, ya ce haka ne. Ba wai ba ya kallo ba, bawan Allah, har sunayen da ke hawa a ƙarshe karantawa yake. Shi dai gani yake mutanen nan sun fi shi sani, to me zai ƙara? Kuma wannan awa ɗayar ita ce jin daɗinsa a wurin aiki. Sauran yinin shi da gam da allura da zare ne, ba mai ce masa ci kanka.

Sai ga shi an ɗauki sabon direba, wani mai surutu da ya ce ya kalli finafinan ƙasa bakwai, ya kuma nemi wuri a teburin.

"Malam Haka-Ne, ba faɗa ba ne," in ji Darakta ranar Juma'a, yana goge cokalinsa da takarda. "Kujerar nan ta masu ra'ayi ce. Ranar Litinin ka zo mana da naka, naka na kanka. In babu, ka ba direba wuri."

"Me ya ce?" Baba ya tambaya.

"Ya ce za a tayar da Haka-Ne!" Anti ta kwatsa masa a kunne.

"Ato!"

Haka-Ne ya buɗe baki zai faɗi abin da ya saba, ya kama kansa ya rufe. Abincin da bai ƙarasa ba kenan, don ya ji maganar har cikin ransa.

Ranar Asabar da hantsi, matarsa ta tafi gidan yayarta, ya jona filashin a talabijin. Fim ɗin dogo ne, ya haura awa uku, shi ya sa aka yanka shi gida huɗu, talabijin ɗin tana jawo su da kanta ɗaya bayan ɗaya. Ya zauna da fensir da ɗan littafin da ya ɗinka da ragowar takardu, kamar mai shirin jarrabawa.

Labarin wani masunci ne da mahaifiyarsa. Masuncin yana neman aure, ya kuma sayi injin jirgi a hannun wani ɗan kasuwa mai ido kamar na ɓarawo. Haka-Ne ya rubuta, "Ruwan ya fito da kyau." Ya duba, ya ga ko shi kansa ba zai bar wa mutum kujera kan wannan ba, ya soke.

Kwatsam sai hadari, sai igiyar ruwa, injin ya mutu, jirgin ya kife. Masunci ya mutu.

"Kai! Tun yanzu?"

Ya dubi agogo, ko awa ɗaya ba a yi ba. Aka binne jarumi, uwa ta yi kuka, ƙaninsa ya tashi ɗaukar fansa. Nan aka shiga doke-doke da tsere a mota da zaman kotu, har Haka-Ne ya fara hamma. Aka ɗaure ɗan kasuwa, aka yi rawa, sunaye suka hau. Ya karanta su kaf kamar yadda ya saba, ya miƙa hannu zai ɗauki rimot.

Sai gari ya waye a talabijin. Ga masunci zaune a ƙofar gida yana gyaran raga, mahaifiyarsa tana yi masa faɗa wai bai ci abinci ba. Ba wanda ya ce mafarki ne, ba wanda ya yi bayani. Tsigar jikin Haka-Ne ta tashi. Aka yi bikin masuncin, kowa yana dariya, shi kuwa ya kasa, don ya riga ya ga kabarin. Daga ƙarshe masuncin ya tura jirginsa cikin ruwa, da wannan injin, ya juyo ya ɗaga wa uwarsa hannu. Ita ko kallonsa ba ta yi sosai ba, tana ta shanyar kaya. Sai hoton ya ɗauke.

Haka-Ne ya yi kuka, kuka na gaske, har da majina.

Ranar Litinin Darakta ya buɗe zama da cewa hasken fim ɗin ya yi rauni. Anti ta ce kayan amaryar sun yi, amma ɗaurin kan uwar ango abin kunya ne. Baba ya ce na da ya fi shi. Sannan duk suka juyo kan kujera ta huɗu.

Haka-Ne ya fara da rawar murya, amma da ya kama hanya sai ka ce an ɓalle famfo. Ya ce bai taɓa ganin mai fim mai ƙarfin hali irin wannan ba, ya kashe jaruminsa a tsakiya, ya ajiye ranakun farin cikinsa sai a ƙarshe, lokacin da kai mai kallo ka san abin da su ba su sani ba. Ya ce har sunaye aka sa suka hau kamar an gama, don a ga wa zai yi gajen haƙuri ya tashi. Da ya zo kan ɗaga hannun nan da uwar mai shanya, sai da ya tsaya ya sha ruwa.



Darakta ya gyara zaman tabarau. "To, ka riga ni. Inda nake shirin zuwa kenan. Wannan na sunayen ai tsohon salo ne, sai mai ido yake gane shi."

"Wallahi ni ma a wurin nan sai da na yi hawaye," in ji Anti.

"Ɗaga hannun nan!" Baba ya buga teburi. "Ɗaga hannun nan ya kashe ni!"

Ba wanda ya ƙara tayar da maganar direba. Darakta ma har tsokar nama ya ɗauko daga kularsa ya sa wa Haka-Ne, abin da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba.

Ya koma gida da yamma baki har kunne, ya dage sai matarsa ta kalla. An ɗauke wuta, sai ta ɗauko kwamfutar 'yarsu mai caji suka jona filashin. Kashi na farko ya ƙare. Maimakon hadari sai ga masunci yana gyaran raga.

"Tsaya, an yi tsallake," in ji shi.

"Ina tsallaken, Abban yara? Ga ɗaya, ga biyu."

Ya matso da fuskarsa. Ga su nan a jere da lambobinsu, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana ja gaba. Biki a na biyu yake, mutuwa a na uku, fim ɗin kuma a kan rawa da sunaye ya ƙare kamar kowane fim. Ashe talabijin ɗinsa ba ta bin lamba, yadda aka zuba su a filashi haka take jawo su, Anti kuwa na biyun ta zuba a ƙarshe. Ya dafe kai da hannu biyu.

Da ya yi wa matarsa bayani, dariya ta yi har ta zame daga kujera tana riƙe ciki. "Kai da kake jera shafi! Wayyo ni, cikina! Shekara goma sha tara!" Sai da ta share hawaye sannan ta ce, "To su abokan naka fa? Su ma a juye suka kalla?"

Nan ya fara lissafi. Darakta a kwamfuta yake kallo, Anti ma haka, Baba kuwa jikarsa ce ke kunna masa, kuma ba ta kuskure lamba. To wane ɗaga hannu ne ya kashe Baba a ƙarshen fim?

Zai iya kama bakinsa, ya sani. Kujera ta zama tasa, har da nama. Amma abin ya tsaya masa a rai kamar littafin da ya bar teburinsa da shafi a juye. Washegari ya sake kallon fim ɗin a yadda aka yi shi, tun daga farko har ƙarshe, kafin ya fita aiki, har ya makara.

Da rana, ana buɗe kuloli, ya ce, "Jama'a, ina da magana. Fim ɗin nan a juye na kalle shi."

Ya faɗa musu komai, bai rage ba. Sabon direba yana tsaye a bakin ƙofa da farantinsa, ya zo jin inda aka kwana.

Darakta ya ƙware, Anti ta shiga bubbuga masa baya.

"Abin da ban gane ba," in ji Haka-Ne a hankali, "ku wanne kuka kalla?"

"Me ya ce?"

"Ya ce wanne muka kalla!" Anti ta kwatsa wa Baba a kunne.

"Ni tun wurin sayen inji na yi barci!" Baba ya faɗa, ko a jikinsa. "Kullum haka nake! Fim ɗin yanzu maganin barci ne!"

Anti ta sunkuyar da kai tana wasa da cokali. "Ni ja nake yi, in na ga biki in tsaya."

Duk suka dubi Darakta. Ya ɗaure fuska ya ce wanda ya san fim ba sai ya kai ƙarshe ba, minti ashirin sun ishe shi ya gane inda aka dosa. Sai kuma borin kunya ya kama shi, ya nuna Haka-Ne da cokali. "Kai kuma kada ka juya magana. Ra'ayin da aka gina kan kuskure ba ra'ayi ba ne. Sharaɗi sharaɗi ne, malam."

Haka-Ne ya ajiye cokalinsa. Ya dubi direba, ya dubi kularsa, har ya sa hannu zai rufe ta. Sai kuma ya ji ransa ya ɓaci, ɓacin da bai taɓa yi a lungun nan ba.

"Ni dai na kalli duka biyun," ya ce. "Na daidai ɗin shirme ne. Na juyen ya fi shi sau goma. Wanda ya yi fim ɗin nan bai san abin da ke hannunsa ba, talabijin ɗina ta fi shi basira."

Tabɗijam! Sai lungu ya kaure. Darakta ya miƙe yana cewa wannan cin mutuncin sana'a ne, wa ya ba mai ɗinkin littafi izinin gyara wa masu fim aiki? Baba, da aka fassara masa, ya ce ƙarya ne, wanda ya mutu ya mutu, ba a dawo da shi gyaran raga. Anti ta ce ita fa a ba ta jerin nan, ɗaya da uku da huɗu da biyu ko, za ta gwada, Darakta ya ce in ta gwada shi da ita har abada. Haka-Ne yana ba kowa amsa. Ya tambayi Darakta me uwar ta ce wa ɗanta a ƙofar gida, Darakta ya ce wannan ba shi ne batu ba, Haka-Ne ya ce shi ne batun kuwa. Abinci ya huce, awa ta wuce, injin Baba yana can yana jira.

Direba ya gaji da tsayuwa, ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, an ce yau zan samu wuri."

Darakta ko juyowa bai yi ba. "Malam, je ka nemo bokitin tawada ka kifa a bakin ƙofa. Ba ka ga magana muke yi da mutum ba?"

Haka-Ne ya gyara zama a kan kujerarsa. Daɗi ya cika shi har ya ji kamar zai sake yin kuka.

"Ci gaba, Darakta, ina jin ka," ya ce. "Amma ba ka da gaskiya."