Galan ɗin Kawu Sulemana

Ranar sunan ɗiyar yayana Shamsudeen, tun kafin rana ta yi zafi lungunmu na Maamobi ya toshe. An kafa rumfa a bakin titi, an jera kujerun roba, maza sun dawo daga masallaci bayan an raɗa wa jaririya suna Nasira. A tsakar gida kuma Anti Asana, maƙwabciyarmu da ba a biki a unguwar sai da kaskonta, tana ta tsame pinkaso daga cikin mai. Tire na farko ya tafi wajen maza, na biyu ya shiga ɗakin mai jego, Latifa.

A Zongo, unguwannin Hausawan Ghana, ba a zuwa suna hannu rabbana. Tun jiya da yamma mata ke kawo gudummawa: shinkafa, albasa, sabulu, da man girki a cikin galan mai ruwan ɗorawa, irin wanda babu gidan da ba shi da shi a Accra. Mace za ta ajiye kayanta a bakin zaure, ta shiga ta gaida kakarmu Hajiya Amama, ta faɗa mata abin da ta kawo, sannan a kwashe a shigar ciki. Hajiya ba ta mantuwa. Ranar da biki ya faɗo gidan waccan matar, ita ce za ta ce a mayar mata da kwatankwacinsa.

Ni sunana Basma. Ina aiki a wani kamfanin robobi a Tema, aikina kuwa shi ne hana ma'aikata ji wa kansu ciwo. A gida Sufeto suke kirana, don na hana su sakat a kan galan ɗin nan. A unguwarmu galan ɗaya yakan ɗauki man girki bana, ruwan sha baɗi, kananzir bayan nan, kuma ba wanda zai ɗauki alƙalami ya rubuta masa suna. In na yi magana sai a ce tun kafin a haife ni ake haka, ba wanda ya mutu. Amsar nan tana ƙona mini rai fiye da zagi.

Ina ɗauke da jakar ruwan leda zan kai wa baƙi sai na ga Muftahu, mai injin niƙa na bakin kwata, ya tsaya a gaban Kawu Sulemana, ƙanen mahaifiyarmu.

"Kawu Sule, ina alkawarina? Injina tun jiya yake kuka kamar akuya."

"Ai na kawo maka," in ji Kawu, yana taunar pinkaso. "Yana bakin zaure tun jiya bayan la'asar. Je ka ɗauka."

"Daga can nake. Babu komai sai takalma."

Na dire jakar ruwan. "Kawu, wane irin alkawari ne ake ajiyewa a bakin zaure?"

"Ke dai Sufeto! Mai ne kawai. Ɗan ragowar gindin duro ne daga wajen aikinmu, oga ya ce in ina so in kwashe. Na kwamfuresa ne, injin nan da ke matsa iska. Ba irin baƙin man nan na bakin gareji ba ne fa. Wannan haɗa shi ake yi da sinadarai, mai tsada, garau kamar zuma. In kin gan shi sai ki rantse man gyaɗa ne."

"A cikin me ka zubo shi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai idonsa ya sauka a kan abin da ke hannunsa. Taunar ta tsaya.

"Kawu, a cikin me?"

"Galan," ya ce a hankali. "Na man girki. Shi na samu babu komai a ciki."

Ban san lokacin da na isa tsakar gida ba. Na san man nan sarai, muna da irinsa a wajen aiki. Launinsa na man girki ne, warinsa kaɗan ne, kuma ba a yi shi don cikin ɗan Adam ba. A jikin duronsa akwai gargaɗi da manyan haruffa, amma Kawu ya baro gargaɗin a kamfani, ya taho da man tsirara.

"Anti Asana, ki sauke kaskon nan. A janye itacen."

Ta dube ni ta cikin hayaƙi, matsami a hannu. "Wa zai sauke me? Ke Basma, yau ba ranar aikinki ba ce. Matsa mini, kina tare mini iska."

Na faɗa mata abin da na ji. Matan da ke yankan albasa suka ajiye wuƙaƙe. A gefen murhu galan-galan ne a jere, duk ruwan ɗorawa, duk kamarsu ɗaya, wasu a cike, wasu an juye su ƙarƙaf a cikin babbar robar da Anti ke ɗiban mai. In na Kawu yana cikin waɗanda aka juye, to duk abin da aka soya tun safe ya sha shi.

"Wa ya shigo da su daga zaure?" na tambaya.

Kowa ya shigo da su. Wannan ta ɗauko ɗaya, waccan ta ɗauko biyu. Wadda ta san asalin kowane galan ita ce Hajiya Amama, ita kuwa ta tafi kasuwar Nima ƙaro citta da barkono, don ba ta yarda da sayayyar kowa ba. Na kira wayarta, sai muka ji tana ringi a kan tagar ɗakinta.

"To bari in ɗanɗana," in ji Anti Asana. "Shekara nawa ina suya? Harshena ba ya ƙarya." Ta miƙa yatsa cikin robar.

Na cafke hannunta. "Ba a gwada shi da harshe, Anti. Kuma a cikin wannan robar, bayan ya gauraya da man girki da ƙamshin albasa, harshenki ba abin da zai gaya miki."

"Sake ni, 'yar boko!" Amma ba ta mayar da yatsan ba. Ta janye itacen da kanta, tana mita da yaren Twi.

Na aika a karɓo tiren maza. Rabinsa ya riga ya tafi. Shamsudeen ya shigo da sauri cikin farar shaddarsa, fuska a ɗaure.

"Basma, me kike yi mini? Malamai na zaune, kin sa an ɗauke abinci daga gabansu. Kin san abin da za a faɗa gobe a Nima da Kotobabi?"

"Yaya, matarka ta ci pinkason nan?"

Muka shiga ɗakin tare.

Latifa na zaune a bakin gado, an yi mata lalle, Nasira a ƙirjinta tana shan mama. Kofin koko a gefe, tiren kuma saura guda ɗaya. Da ta ji labari sai ta zare jaririyar daga ƙirjinta a hankali, kamar wadda ta taɓa wuta. Yarinyar ta tsala kuka.

"Zai shiga nonon?" ta tambaye ni. "Basma, ki faɗa mini gaskiya."

"Ban sani ba, Latifa. Ba mu ma tabbatar yana cikin abincin ba. Likita ne zai faɗa. Kina jin wani abu? Ciwon ciki? Tashin zuciya?"

Ta ce ba ta ji komai ba sai yanzu da na faɗa.

Kafin in juya, Anti Asana ta shigo da kwalbar manja da cokali. "Buɗe bakinki, 'yata. Cokali uku, ki amayar da shi duka. Haka muke yi wa duk wanda ya sha abin da bai kamata ba."

Na tsaya tsakaninsu. "Ba za ta sha ba."

"Yau na ga ikon Allah! Suya kin hana, magani ma kin hana?"

"Anti, mai irin wannan ba a tilasta amansa. In ya taso yana iya zarcewa cikin huhu, can kuma ya fi ciki haɗari nesa ba kusa ba. Ta kurkure bakinta da ruwa, mu kai ta asibiti, shi ke nan. Yaya, nemo tasi. Kawu!"

Kawu Sulemana na tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya jiƙe da gumi.

"Mene ne sunan man? Likita zai tambaya."

"Wallahi ban riƙe ba. Duron shuɗi ne."

"Kira wani a wajen aikinku ya ɗauki hoton rubutun da ke jikin duron ya turo. Yanzu, Kawu."

Ya fita yana latsa waya. A waje kiɗan da aka kunna ya mutu. Labari ya riga ya zaga rumfa: wasu na tofar da yawu a kwata, wani dattijo na shafa cikinsa yana salati, Muftahu kuma na rantsuwa shi mai kawai ya roƙa, bai ce a kawo masa a galan ɗin abinci ba. Latifa ta yafa mayafi, hawaye na wanke mata kwalli, Nasira na kuka a hannuna tana neman abin da uwar ke tsoron ba ta. Ranar sunanta ke nan.

Muna fitowa tsakar gida sai ga Hajiya Amama ta shigo, leda a hannu. Ta dubi murhun da ya mutu, ta dubi mai jego da mayafi, sannan ta dube ni.

"Wa ya kashe mini wuta a ranar suna?"

Kowa ya nuna ni. Na faɗa mata komai a tsaye, ban tsallake kalma ba. Ta saurara, ta juya wajen Kawu.

"Sule. Galan ɗin nan, an ɗaure bakinsa da baƙar leda a ƙarƙashin murfi?"

"Shi ne, Hajiya! Ni na ɗaure don kada ya zube a babur."

"Ashe naka ne, ɗan banza. Ka hana ni barci jiya."

Ta wuce ɗakinta, muka bi ta kamar kaji. A bayan ƙofa, ƙarƙashin wani tsohon zane, ga galan a zaune. Na durƙusa na duba. Ledar tana nan yadda aka ɗaure ta, man a cike har wuya, ba a taɓa ɗigo ba.

Na zauna daɓas a ƙasa.

"Duk wadda ta kawo kaya ta shigo ta faɗa mini," in ji Hajiya. "Wannan kaɗai ba wadda ta ce nata ne. Na tambayi kowa. To abin da ban san hannun da ya kawo shi ba, ina zan san ƙofar da zan mayar? Na ce a bar shi nan sai mai shi ta bayyana."

"Alhamdu lillahi," in ji Shamsudeen, ya jingina da bango. Latifa ta matso kusa da ni. Ta karɓi Nasira daga hannuna, ta zauna a kan tabarmar Hajiya ta sa ta a mama. Kukan ya yanke nan take. A ɗakin ba ka jin komai sai haɗiyar jaririya.

Anti Asana ce ta fara dariya, har da riƙe ciki. "Kun gani? Allah na tsare na Zongo. Sufeto ta tayar mana da hankali a banza."

"A banza?" Na miƙe. "Hajiya, da mai ya ƙare wa Anti da rana, kuma ba wadda ta zo ta ce nata ne, me za ki yi?"

Hajiya ta dubi galan ɗin. "Da na ce a buɗe shi don miyar rana," ta ce. "Ba na barin baƙi da yunwa."

Dariyar Anti ta tsaya.

Muftahu ya leƙo daga tsakar gida. "To tunda an gan shi, sai in ɗauki abina."

"A wannan galan ɗin? A shagon da mata ke kai masara da gero? Ko man ya dace da injinka ma ba ka sani ba. Ka sayi wanda aka yi don injin, a cikin robarsa mai suna, ka ajiye nesa da gari."

"To a tuttular da tsiyar a kwata mu huta," in ji wata daga baya.

"Kwatar da ke bi ta ƙofar kowa, ta zarce teku? Inda ya fito zai koma. Kamfaninsu na da duron da ake tara irinsa, akwai masu zuwa kwashewa. Kawu, ɗauka. In ya taɓa hannunka, sabulu da ruwa, kada ka ce za ka goge da fetur."

Kawu bai yi musu ba. Ya rungumi galan ɗin kamar mai ɗauke da mara lafiya, ya ɗaure shi a bayan babur. Na samo jan fenti na farce a jakar Latifa, na zana wa galan ɗin babban kuros a kowane gefe.

Anti Asana ta mayar da itace, ta fifita wuta. Aka sake kunna kiɗa. Dattijon da ke shafa ciki ɗazu shi ne ya fara aiko tambaya ko akwai sauran pinkaso. Na kai wa Latifa masu zafi da hannuna, ta ci tana dariya, idanunta har yanzu jajir.

Kawu na shirin tayar da babur sai Anti ta ɗaga murya daga bakin murhu.

"Sule! In ka juye man, ka dawo mini da galan ɗin. Sabo ne fil, in na wanke shi da omo zai yi mini ruwan sha."

Na ajiye tiren da ke hannuna. Na ɗauki wuƙar yankan albasa, na fita na miƙa wa Kawu.

"In ka juye, ka farka shi gida biyu, ka bar shi can tare da duron. Ka turo mini hoto."

Ya karɓa, ya soke ta a cikin jakarsa, ya ja babur.