Ranar da Aka Farfasa Injinan Dogo

Dogo yana gyaran fankar ɗakin injinansa da rana tsaka sai maza uku suka banko ƙofa ba sallama.

Sana'arsa ba da hayar wuri ce a cikin kwamfutoci. In wani ya ɗora babban fayil a kan blokcen, wato rumbun ajiya na intanet da ba ya hannun mutum ɗaya, sai a yanyanka shi, a kulle kowane gutsure, a rarraba wa masu injina irinsa a ƙasashe daban-daban. Shi kansa bai san abin da yake ajiye da shi ba.

Babbansu, mai tabo a leɓe, ya ce, "Bidiyon ginin nan da ya rufta da mutane muka zo karɓa. Maigidanmu ne ɗan kwangilar. An ce yana wurinka."

"Ko da akwai, gutsure ne kawai," in ji Dogo. "Ni ma ba na iya buɗe shi."

Rodi ya sauka a haƙarƙarinsa. Ya durƙushe, numfashi ya ƙi fita. Biyu suka hau injinan da guduma, gilashi da wayoyi na tashi, ɗakin ya cika da ƙaurin roba. Mai tabo ya take masa hannun dama a kan siminti.

"Goge shi."

"Wallahi ba ya goguwa daga nan."

Guduma ta sauka a kan yatsun. Ihunsa ya kai shagon ɗinkin yayarsa da ke jikin nasa. Ta shigo da dutsen guga mai zafi, ba ta tambayi kowa ba'asi ba, ta manna wa mai tabo a wuya. Ya yi baya yana kururuwa, ɗaya daga cikin yaransa ya haɗa kanta da bango. Kafin su ƙara, maƙwabta sun cika ƙofa, maharan suka fice ta taga suka gudu.

A asibiti aka yanke wa Dogo yatsu biyu. Yayar tana gefensa, kai a naɗe da bandeji.

"Da ɗinki ka koya, ƙanena, allura ce iyakar abin da zai soke ka."

Ya yi dariya, haƙarƙarin ya hana shi ƙarasawa.

Tun a ranar injinan da ke sauran ƙasashe suka sake kwafe gutsattsarin da suka ɓace. Matar da ta ɗauki bidiyon, wadda mijinta ya mutu a ginin, ta sauke shi daga blokcen ɗin ta gabatar wa kotu. Aka ɗaure ɗan kwangilar. Mai tabo dai ba a kama shi ba, kuma har yanzu yayar Dogo takan ɗago kai duk sanda babur ya tsaya a ƙofar shagonta.