Fulogin Baba Mita

"Bai yi ba," in ji Baba Mita.

Ko gama juya fulogin babur ɗinsa bai yi ba ya faɗi haka. Ina tsaye a kansa, gumi na bin bayana, yatsuna na raɗaɗi don da zafinsa na kwance abin. Can a shagona kuwa na bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, tawul a wuya, yana leƙowa yana harara.

"Baba, ka dai duba da kyau."

"Ni za ka koya wa duba fulogi? Ka ga bakin nan? Ya yi fari, mai bai ishe shi ba. Gobe mu sa jet na gaba."

Ya tsaya ya ja numfashi kafin ya ƙarasa kalmar ƙarshe. Na karɓi tsummana na koma shago, na ba mai rabin kai haƙuri.

Shagon askina yana kallon ƙofar gidansa ne, titi kawai ya raba mu. Aikin karanta mitar lantarki ya yi har ya ajiye, shi ya sa sunan ya bi shi, kuma a kan babur ɗin nan guda ya yi shi duka. Tsohon babur ne irin na da, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, mai ƙara kamar an zuba ƙusoshi a gwangwani. In ya tayar da shi da safe, shuɗin hayaƙinsa sai ya tsallako ya shige tawul ɗina da na shanya. Mun sha yin faɗa a kan haka. Ya ce hayaƙin yana kashe sauro, kamata ya yi in gode masa.

Da ciwon ƙirji ya kama shi sai faɗan ya mutu. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga, barci ma a zaune yake yinsa. Likita ya ce a kwantar da shi. Babban asibitin yana can ƙarshen gari, a saman wani dogon tudu. Baba ya ce ya ji, zai je, amma a kan babur ɗinsa, ba za a jefa shi a bayan motar surukinsa kamar buhu ba. Matsalar ita ce babur ya tsufa, da mutum ɗaya ma da ƙyar yake kai saman tudun, balle da biyu. Don haka sai an ɗan ƙara masa ƙarfi tukuna.

"Ba tsere zan yi ba," ya ce. "Kaɗan nake so. Ya dai hau da mutuncinsa."

Autarsa, wadda ke koyarwa a wata makaranta, ita ta same ni a shago, idanunta sun yi ja.

"Yaya, don Allah ka taimaka a gama masa abin nan ya tafi. Ka san halinsa."

Na san halinsa, shi ya sa na so in ƙi. Amma ta riga ta ce don Allah.

Haka na zama hannunsa da ƙafarsa. Yana zaune a kujerar roba a baranda yana ba da umarni, ni ina durƙushe. Muka cire salansa, wato bututun hayaƙi, muka ƙone dattin da ya toshe ta. Muka sa sabon soso a wurin shan iska. Muka canja farantin sarƙa na baya da mai yawan haƙora, don ya fi jan tudu. Duk wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Saura kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska. Baba ya ce tunda inji ya sami hanyar numfashi, dole a daidaita masa mai, kuma abin da ke auna man wani ɗan dunƙulen tagulla ne mai huda, bai kai ƙwayar wake ba, shi ake kira jet. Yana da su girma-girma a cikin gwangwanin ashana.

Yadda ake gane an dace kuwa shi ne abin da ya cinye ni. Sai in hau babur in murɗe totur har saman tudun asibiti, in kashe shi nan take, in kwance fulogi, in ɗaura wani, in kawo masa wancan ya duba. In bakin ya yi fari, mai ya yi kaɗan, fistin zai ƙone. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. Abin da ake nema shi ne launin shayi da madara.

Yau fari, gobe baƙi. Mu sa babba, mu dawo ƙarami, mu sake komawa babba. Masu zuwa aski wurina suka fara sulalewa zuwa shagon bayan masallaci, don ba wanda ke son mai aski da warin fetur a hannu. Matata ta ce in gaya mata gaskiya, ko na canja sana'a ne. Shi kuma Baba kullum ƙara zama yake a kujerar nan. Tun yana riƙe sukundireba da kansa, har ta fara faɗuwa daga hannunsa, har ya daina miƙa hannun. Na gaji da shi, na gaji da tudun, na gaji da jin numfashinsa a bayan kunnena kamar ana goga takarda a bango.

Wata ranar Asabar Auta ta zo da mijinta da mota, ta buɗe ƙofar baya ta bar ta a buɗe.

"Baba, yau kam sai mun tafi."

"Saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan! Dubi ƙafarka fa. Ƙarfe ne, Baba, ba gudu zai yi ba."

"Ke da kika zo duniya, a kansa aka ɗauko ki daga asibiti. Yanzu ne ya zama ƙarfe?"

"To in ka mutu a kujerar nan, shi zai yi mana me?"

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Mijin ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Baba ya juya gare ni ya ce in miƙo masa gwangwanin ashana. Motar ta koma yadda ta zo.

Ranar da ta biyo baya na shiga cikin gidan in wanke hannu a famfon tsakar gida. Inna, matarsa, tana zaune a bakin kicin da kwanon wanke-wanke a gabanta, ba ta taɓa komai a ciki ba. Na ajiye tsumman da fulogin ranar yake ciki a kan bokiti. Sai ta miƙa hannu ta ɗauka, ta ɗaga shi wajen haske, ta runtse ido ɗaya, daidai yadda yake yi.

"Wannan ya ɗan yi duhu," ta ce. "Na ranar Talata ne daidai. Tun ranar ya yi."

Na bar famfo yana zuba.

"Inna, kin iya dubawa?"

"Tun ina amarya nake tsintar su a aljihun wanki. Ko jaka ce ni ai na iya."

"To me ya sa ba ki faɗa ba? Kin ga yadda nake hawa da sauka kamar mahaukaci."

"In na faɗa, sai a tafi da shi." Ta rufe famfon da kanta. "Yayansa ya hau tudun nan bai sauko ba. Abokinsa mai gyaran rediyo ma haka. Yana sane, nima ina sane. Na ce bari in bar shi da wasansa, ko ba komai ina jin muryarsa a baranda."

Ta goge hannu a zani duk da busasshe ne.

"Amma yau da safe na ga leɓensa ya yi shuɗi. Ɗan nan, ka gaya masa kai. Ni bakina ba zai iya ba."

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na fito na kwance kafireta ban tambaye shi ba, na mayar da jet ɗin ranar Talata, na buga kik na tafi. Da na dawo, kofin shayinsa yana kan kujerar gefe, ya huce bai sha ba. Na ajiye fulogin a jikin kofin. Launinsu ɗaya.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa."

"Ita ce." Ya ɗan yi murmushi. "Ta fi bakaniken bakin kasuwa, ban dai taɓa gaya mata ba."

"Baba, ya yi ko bai yi ba?"

"Mai Aski, in na ce ya yi, me ya rage mini?"

Na zo da shirin faɗa, sai na rasa inda zan ajiye shi. Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar kallon fuskarsa, na koma kallon ƙafafun nan da suka cika silifas.

"Ai ba mu gama ba," na ce. "Da mutum ɗaya muke ta gwadawa. Kai ka ce da biyu zai hau. Ni ban yarda ba sai na gani."

Ya ɗago ya dube ni. Ya san abin da nake yi, na san ya sani.

"Ba ka yarda ba?"

"Ko kaɗan. Tsakiyar tudu zai shaƙe, in sauka in tura ku."

"Innar yara!" ya kira, muryar ta fashe. "Kawo mini hulata."

Ta fito da hular, da matashin kai da ta ɗaure a kujerar baya, da jakar kayansa wadda ashe tun tuni take a shirye. Ni da surukinsa, da aka kira a waya, muka ɗaga shi muka ɗora. Inna ta zagaye mu da mayafinta ta ƙulle a cikina, don hannunsa ba ƙarfin riƙo. Motar ta biyo mu a baya da Inna da Auta.

A gindin tudun na ji haɓarsa a kafaɗata.

"Ba shi wuta tun daga nan. Kar ka ji tsoro."

Na ba shi. Babur ya ɗauka, ƙarar ta tashi ta yi siriri. Da muka kai wurin da ya saba shaƙewa, ƙafata ta nufi giya da kanta.

"Kar ka sauke! Bar shi!"

Na bar shi. Ya ja, ya ja, ya wuce wurin kamar bai san shi ba. Sai na ji bayana yana girgiza, na tsorata, na ɗauka tari ne. Dariya yake yi.

A ƙofar asibiti wata nas ta turo keken marasa lafiya. Ya ɗaga mata hannu ta jira. Sai da na kwance fulogi na miƙa masa a tsumma, ya duba, ya juya wa Inna ta duba.

"Ya yi," ya ce. Aka kwance mayafin, aka sauke shi. Kafin su shige ya riƙo bakin rigata. "Ran da za a sallame ni, da shi za ka zo. Kar ka bari su sa ni a mota."

Kwanakin farko kamar abin zai yi kyau. Kumburin ya ragu, ya ci abinci, har ya yi faɗa da wani mai goge ƙasa a kan yadda ake naɗe wayar fanka. Auta ta ce mini likita yana maganar sallama ƙarshen mako. Na koma askina, na wanke tawul, mutane suka fara dawowa. Da ranar ta zo na goge babur, na haɗa mai yadda ya koya mini, na gyara ɗaurin matashin, na hau tudun da hantsi.

A kan matakalar shiga na same su. Auta ta kifa kai a gwiwa. Inna tana zaune a miƙe, silifas ɗinsa a cinyarta. Ban tambaya ba, ba su faɗa ba. Surukin ne ya zo ya dafa ni, ya ce bayan an ba Baba magani da safe ya ce zai ɗan kishingiɗa, karo na farko da ya kwanta sosai a watanni, bai tashi ba. Na yi salati na zauna a ƙasa.

A mota aka sa shi. Ba yadda za a yi, amma sai da na kau da kai lokacin da suka rufe ƙofar. Auta ta riƙe wa uwarta ƙofar gaba.

"Inna, shigo."

"Ku je. Ni da Mai Aski zan koma."

Ta zauna a kan matashin, a karkace, ta riƙe silifas ɗin da hannu ɗaya, ɗayan ta dafa kafaɗata. Motar ta fara gangarawa a hankali, na bi ta. Gangara ce, ba a bukatar wuta, sai na saki totur na bar babur yana tafiya da kansa, shiru. Mun ɗan yi nisa na ji ta matso kusa da kunnena.

"Ka riƙa ɗan murɗa masa. In ba mai yana shiga, injin bushewa yake yi a gangara. Haka maigidan yake yi masa."

Na murɗa kaɗan, na saki. Na sake murɗawa, na saki. Haka muka sauko a bayan motar har gindin tudu, hayaƙin yana fita guntu-guntu, hannunta yana kafaɗata.