Wanda Ya Ɗauki Fim

"Mu koma gida, ranar nan ta yi zafi," in ji Darakta, tun ba su wuce ƙofar shiga ba.

Ko kallonsa ba a yi ba. Matarsa ta riga ta miƙa tikiti, Auta kuma ya riƙe masa hannu gam yana ja.

Taya yake sayarwa, amma duk layinsu Darakta ake ce masa, don shekara da shekaru bakinsa bai huta ba: a wannan kamfanin shirya finafinai ya yi ƙuruciya, shi ne ma ya ɗauki fim ɗin yaƙin nan da kowa ya sani. A gidansa ba a kallo cikin kwanciyar hankali. Ana farawa zai ce haske bai yi ba, kyamara ta karkace. Auta ya kai labarin makaranta, har dambe ya yi a kai. Da hutu ya zo, yara suka kafe sai an kai su tsohon wurin aikin Baba. Ya ce ciwon baya, ya ce ciwon kai, matar ta ba shi magani ta miƙa masa makullin mota.

Wata budurwa mai lasifika ce ke zagayawa da baƙi. Ta nuna musu katafaren bene wanda bayansa katako ne da ƙusa, da tiyon da ke yin ruwan sama. Darakta ya ja hula har gira, yana satar kallon ma'aikata. Duk yara ne, babu wanda ya san shi. Nan take ciwon baya ya warke.

"'Yan mata, a zamaninmu ba haka muke kafa fitila ba," ya ce, yana ɗaga murya don na baya su ji.

"Babana ne ya ɗauki fim ɗin yaƙi!" Auta ya sanar da jama'a.

"Kai, haba? To ai akwai hotonsu a ɗaki na gaba," in ji budurwar.

Hoton ya cinye rabin bango. Budurwar ta bi su da yatsa: ga darakta a kujera, ga mai kyamara, ga jarumi.

"Ga Baba can!" Auta ya yi tsalle. Wushiryar ba ta ɓuya, kunnuwan ma haka. Can a gefe yake, siriri, da singileti, ya dafe wani ƙaton akwatin ƙarfe a ka.

Budurwar ta yi ƙasa da lasifika, amma ta manta ba ta kashe ba. "Wannan ai ɗan dako ne. Akwatin faifan fim ne a kansa."

Babbar 'yarsa ta gyara tsayuwa. "To ai Baba bai yi ƙarya ba. Ya ɗauki fim. A ka."

Dariya ta ɓarke. Ita ba ta dame shi ba kamar yadda ya ji hannun Auta ya zame daga nasa a hankali.

Matarsa ta matso, ta ƙura wa hoton ido. "Baban yara, gammon nan ɗankwalina ne fa. Har yau ba ka dawo min da shi ba." Ta miƙa masa kular abinci. "Ungo, ta yi min nauyi."

Da yamma aka kunna fim a falo. Auta ya zauna kusa da uwarsa. Aka kalla tun daga farko har ƙarshe, haske kuwa ya yi daidai.