Sai An Ci Za a Hau Tsani

Guguwar ta wuce ta bar mana gari kaca-kaca. Kwalekwalen wani mai kamun jatan lande yana zaune daram a farfajiyar coci, wuta ta ɗauke ba ranar dawowa, rabin rufin gidan Kawu Ovide Guidry kuma yana can kwance a gonar raken maƙwabta. Rediyo sai faɗi yake akwai wani ruwan kafin yamma. In ya sauka a kan gidan a buɗe, silin zai jiƙe ya rufto, 'ya'yan Kawu da ke Houston kuwa dama dalili suke nema su kai shi gidan tsofaffi. Kowa a bakin rafinmu ya san haka, shi ma ya sani.

Da hantsi sai ga 'yan agaji daga Minnesota, can arewacin Amurka, rigunansu iri ɗaya, motarsu cike da tamfol da tsani da ƙusoshi. Shugabarsu wata doguwar mata ce, Marlys Engstrom, zafin Louisiana ya riga ya mayar mata da fuska kamar tumatir. Ni na kai su gidan, don ni ce 'yar ƙanwarsa, ni ce kuma na saba shan faɗansa.

Mun tarar da shi a tsakar gida yana juya gambo, miyar nan tamu ta kuɓewa da nama, a baƙar tukunyarsa. Haka muke yi in wuta ta ɗauke, kowa ya kwashe abin da ke firjinsa ya dafa tun bai lalace ba. Agwagwar da ya harbo, naman barewa, jatan lande, kuɓewa, duk ya antaya. Ko rufin bai kalla ba, ya ce a jawo kujeru a zauna.

Marlys ta yi godiya har da dafa ƙirji. Ta ce ƙungiyarsu tana da doka: ba sa karɓar komai daga hannun wanda bala'i ya faɗa wa, ko da kofin ruwa ne, kuma sun zo da burodinsu da markaɗaɗɗiyar gyaɗar shafawa. Kawu ya ajiye ludayi a hankali.

"To baiwar Allah, a janye tsanin nan daga bangona," in ji shi. "Wanda bai ci abincina ba bare ne, bare kuwa ba ya hau mini rufi."

"Baba, kyauta ce fa," in ji Marlys. "Ba biya za ka yi ba."

"Ai shi ne abin. Kin ga na yi miki kama da mai bara?"

Shi ke nan, ya koma kan tukunyarsa, ita kuma ta harɗe hannu. Na tsaya a tsakani, gaba kura baya sayaki, ga hadari yana haɗowa ta wajen teku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Taurin kan mutum ɗaya ma ya ishe ni a dangi, sai ga wata an yo mini jigilarta tun daga arewa.

Na ja ta gefe. Ta ce mini ta sha ganin mutane suna miƙa ɗan abin da ya rage musu don kunya, su kwana da yunwa, shi ya sa aka kafa dokar. Gaskiya ta faɗa, kuma a nan na fara sonta. Na ce mata ta leƙa tukunyar, ko rabin unguwa ba zai cinye ba, gobe kuma sai dai a zuba wa kada a rafi. Na ƙara da cewa in suka rufe gidan ba su ci ba, tsohon nan zai hau da kansa ya yaye tamfol ɗin, ya faɗo, su sami aiki biyu.

Ta dubi sama, ta dubi Kawu, sannan ta jawo kujera ta zauna, sauran suka bi ta. Kawu ya zuba mata a kan shinkafa. Loma ɗaya barkono ya gaishe ta, hawaye shar, hanci na zuba, tana cewa da daɗi cikin muryar da ba ta fita. Kawu ya ɗauka yabo ne, ya ƙara mata.

Haka suka hau rufin suna shan iska ta baki. Shi kuma ya tsaya a ƙasa yana kushe yadda suke buga ƙusa, yana kiran kowa ɗana. Yayyafi ya fara suna ɗaure kusurwar ƙarshe, ruwan ya tsuge muna cunkushe a kicin, ko ɗigo bai shigo ba.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Babbar 'yarsa ce, Odile, tana cewa sun samo masa ɗaki, gobe za su zo ɗaukarsa. Tausayinsa ya kama ni har na kau da kai. Shi kuwa ya gyara murya ya ɗaga ta, don kowa ya ji.

"Ina zan je, 'yar nan? Rufina lafiya lau. Kuma baƙi gare ni cike da gida, in na tafi wa zai ba su abinci?"