Ranar Kiwon Gidan Felisbina

Kwana ɗaya Ilze ta ce za ta yi. Ruwa ne ya koro ta ƙofar Ti Felisbina, wata tsohuwa a wani ƙauyen duwatsu na ƙasar Fotugal, da jaka a baya da takalma duk caɓi. Wata takwas ke nan tana tafiya a ƙasa tun daga Latviya, tana so ta ga inda Turai ta ƙare a bakin teku. Ga shi yau mako uku, ta iya hura murhu, ta iya yanka kabeji siriri kamar gashi, yaren Fotugal ma ta fara tsinta.

Felisbina ba ta kore ta ba. Ita abin da ya dame ta daban ne. A ƙauyen, garke ɗaya ake haɗa awakin kowa, gidaje na karɓar kiwo bi da bi. Gidan da ranarsa ta wuce sau biyu bai fita ba, sai a cire awakinsa daga garke, daga nan kuma sai sayarwa. Ta riga ta rasa rana ɗaya lokacin da gwiwarta ta kumbura. Gobe ranarta ce, gwiwar kuwa ta zama kamar tulu, ɗanta yana Faransa. Awakinta goma sha ɗaya ne, kowace da sunanta.

Da yamma Ti Adérito, dattijon da ke kula da jerin gidajen kiwo, ya leƙo.

"Bina, gobe ke ce. Ko a keken guragu za mu tura ki?"

"Kai za a tura, tsohon bunsuru. Gidana zai fita."

"Wa ke gidan? Magen?"

Ilze ta ɗaga hannu. "Ni. Ni je."

Adérito ya dube ta sama da ƙasa. "Al'ada ta ce ɗan gida."

"Tukunyata take ci, ƙarƙashin rufina take kwana," in ji Felisbina. "Kai da aure ya kawo ka daga ƙauyen gangare, wa ya tambaye ka takarda?"

Ya sosa ƙeya. "To. Amma ɗari da tamanin za ta fita da su. In ɗaya ta ɓata, ranar ba ta shiga lissafi ba."

Da sassafe Felisbina ta ƙunsa mata burodi da cuku, ta yi ta nanata mata: kar ki shiga gabansu, su suka san dutsen, ki bi karnuka, in gajimare ya sauko ki tsaya inda suka tsaya. Ta zauna a dokin ƙofa tana kallon doguwar yarinyar a bayan garke har ƙarar ƙararrawa ta ɓace.

Yinin nan ba ta ci komai ba. Bayan azahar gajimare ya sauko ya haɗiye kan dutsen.

Rana ta kusa faɗuwa sai ga garken ya shigo. Ba mai raba su, kowace akuya ta nufi ƙofar gidansu da kanta, mata na tsaye suna ƙirgawa. Na Felisbina sun cika. Karnuka sun dawo. Ilze ce babu.

Adérito ya zo yana jan ƙafa. "Baƙar akuyata mai ciki ba ta shigo ba. Makiyayiyarki ma haka. Bina, ba ni na kafa dokar ba."

"Rana ba ta faɗi ba tukuna."

"Ki taya ni riƙe ta mana, kar ta faɗi."

Felisbina ta dafa sanda ta ja jiki har bakin gada, inda ta yi wata biyu ba ta taka ba. Mutane suka biyo ta.

Can sai suka ji ƙararrawa guda. Ilze ce ke saukowa a hankali, ba ta kan hanyar awaki ba, ta gefen kwazazzabo, wandonta a yage, gwiwa na jini. Kayan jakarta duk ta ɗaure su a wuya, a cikin jakar kuma kawunan 'yan awaki biyu ne ke leƙowa suna kuka. Baƙar akuya na biye da ita, hanci a jikin jakar.

"Ta haihu," in ji Ilze tana haki. "Ƙasa, cikin rami. Ta ƙi tashi. Na ɗauki yara, ta zo."

Adérito ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya duba cibiya, ya ga an ɗaure ta da igiyar takalmi.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa. Ta yi kuka, na yi kuka."

Matan suka kwashe da dariya. Felisbina ta zungure shi da sanda. "Ɗari da tamanin ka ba ta. Nawa ta kawo? Ƙirga da ƙarfi, kunnena ba ya ji."

"Ji tsohuwa da baki." Ya juya ya ɗaga murya wajen gidan da ke gaba. "Gracinda! Gobe ku ne! Na Bina ya fita!"

A gida Felisbina ta ɗora ruwa, ta zuba gishiri, ta durƙusa da gwiwarta mai lafiya ta cire wa yarinyar takalma. Ilze ta so hana ta.

"Zauna," in ji Felisbina. "Tekun nan ba inda za shi. Sa ƙafar."